Jikan Sarkin Ruwa da Kifin Bas

Jikana Ɗalhatu tun yana tsumma ni nake masa wanka, saboda haka in ana maganarsa da ruwa, ni ya kamata a tambaya. Yaron nan ko a ƙwarya aka ɗebo ruwa aka nufo shi, sai duk unguwa ta ji. Da ya girma, in damina ta sauka a Gumel kwata ta cika, zagayawa yake ta bayan masallaci don kada ya tsallaka. To shi ne na je Doha na tarar wai jikan Sarkin Ruwa ne.

Abin da ya kai ni can, ƙanwarsa Saudatu ce ta haihu. Mijinta Mika'ilu yana irin karatun nan na jami'a da ba ya ƙarewa, suna zaune a wani ɗan gida can sama a Al Muntazah, sai aka yi min takardu na je wankan jego. Shi Ɗalhatu ya riga su zuwa ƙasar. Direba ne a gidan wani dattijo, Abu Rashid, wanda shi ne kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki. Matar gidan yake tuƙawa. Aikin ba dutse ake fasawa ba, amma ya ishe shi: kai madam kanti, zauna a mota, ɗauko ledoji, kai ta gidan 'yar uwarta, sake zama a mota.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi da abokinsa Lado, wani mai gadi da suke ɗaki ɗaya a Bin Omran. Tun daga bakin ƙofa ya fara.

"Amaryata, tashi ki rangaɗa guɗa. Mijinki ya bar sitiyari."

Na ce, "Sun gaji sun kore ka?"

"Ji tsohuwar nan da mugun baki. Girma aka ba ni."

Ya zauna ya ja kwanon tuwo gabansa, ya warware mana. Ashe Abu Rashid yana da gona a bayan gari, da dabino da awaki da wani tafki da ya haƙa ya zuba karfasa a ciki. Dattijon ba abin da yake so kamar soyayyar karfasa. Sai dai kifin nasa sun ƙi girma, ko wanne aka kamo bai wuce yatsu uku ba, duk ƙaya. Yana cikin mota yana kuka da haka wa ɗansa Rashid, sai Ɗalhatu ya sa baki daga gaba.

"Sai na ce musu su kwantar da hankali, ai kakana Sarkin Ruwa ne."

Na ajiye ludayi. "Wane kakan?"

"Malam mana."

"Malam mijina? Tela? Mutumin da in guga ta faɗa rijiya sai ya aika a kira maƙwabci?"

"Kaka, ke ba ki san sirrin maza ba. Abin a jini yake."

"Jinin wa? Na zauna da mutumin nan har Allah ya karɓi abinsa, kifin da na taɓa gani a hannunsa busasshe ne, shi ma saya ya yi."

Lado ya ƙware da tuwo, sai da Saudatu ta miƙa masa ruwa. Ɗalhatu bai ko kalle shi ba. Ya ce an yi magana an gama: in sanyi ya shigo dattijon zai tara abokansa a gona a yi kamun kifi. In a ranar karfasa ta cika faranti, shi ne mudir ɗin gona, wato manaja, da ɗakinsa shi kaɗai da esi, ba shi ba madam har abada. In kuwa ba ta cika ba, makullin mota yana nan yana jiransa.

Saudatu ta ce, "Yaya, ka taɓa kiwon kifi kuwa?"

"Mene ne a ciki? Ruwa ne da kifi. Ruwan yana nan, kifin yana nan. Abin da babu kawai shi ne ni."

Rashid, ɗan gidan, a waje yake karatu, hutu ya zo. Shi ya zaunar da Ɗalhatu ya yi masa bayani da Turanci. Ya ce karfasa haihuwa gare ta ba kai ba gindi, in suka yi yawa abincin ba ya isar kowa, sai duk su tsumbure. Maganin shi ne a kawo bas, bas zai cinye ƙananan, waɗanda suka rage su samu wuri su yi ƙiba. Ya ce gobe da safe ya kawo bas gona.

Ɗalhatu ya ce mafi mushkila. Ita ce kalmar da ya fi ƙwarewa a kai, wai ba matsala.

Da yamma ya ja Lado suka tafi Asian Town, suka samo wani ɗan garinsu Muttaka, mai tuƙa doguwar motar da ke kai ma'aikata kamfani. Lado ne ya ba ni wannan labarin, don a gabansa aka yi. Ya ce ya tambayi Ɗalhatu, "Kai, ka tabbata mota yake nufi? Yaya mota za ta ci kifi?"

Ɗalhatu ya ce, "Salon Turanci ne, ba za ka gane ba. In an ce bas zai cinye su, ana nufin zai kwashe su. A loda ƙananan a fitar, khalas, shi ke nan."

Washegari ranar hutun Muttaka ce, suka ɗauki hanya. Ma'aikatan gona suka bar ban ruwa suka tsaya kallo, ga doguwar farar mota tana kutsawa tsakanin dabino. Ɗalhatu ya sauko ya tsaya a bayanta yana ba da hannu kamar ɗan sandan hanya.

"Taho. Taho. Da saura. Taho abinka."

Muttaka ya leƙo ya ce, "Ƙasar nan ba ta yi laushi ba kuwa?"

"Ni zan gaya maka ƙasar bakin ruwa? Taho!"

Ya taho. Tayoyin baya suka nutse a taɓo har gindi, motar ta ɗaga hanci sama kamar raƙumi zai tashi. Sai da aka kawo tarakta daga gonar maƙwabta. Muttaka yana ta yarfe hannu yana cewa in shugabansa ya ji ya shiga uku, Ɗalhatu yana ce masa laifin tayarsa ne da ta sude.

Ana cikin haka Rashid ya iso. Ya dubi mota, ya dubi Ɗalhatu, ya tambayi me ya kawo ta. Da aka gaya masa, Lado ya ce yaron nan zama ya yi a ƙasa da farar rigarsa yana dariya har da hawaye. Da ya samu numfashi ya ciro waya ya nuna masa hoto. Ashe bas kifi ne, mai ƙaton baki, kamar ƙanin giwan ruwa.

Ɗalhatu ya dubi hoton ya gyaɗa kai. "Au, wannan? Ai mu a gidanmu ba haka muke kiransa ba."

Rashid ya haɗa shi da wani mai sayar da kifi mai rai, wanda yake kawowa a tanki a bayan mota. Aka kawo 'yan kaɗan aka zuba. Rashid ya ce haka ake so, kaɗan, ya sa ido. Hutunsa ya ƙare ya hau jirgi ya koma makaranta, ya bar Ɗalhatu da dattijon da ba ya jin Turanci ko na sallama.

Shi kuma Ɗalhatu tun daga ranar motar nan ya ɗaure abu ɗaya a ransa: a gonar nan duk wanda ya ce bas, kifi yake nufi. An yi masa dariya sau ɗaya, ba za a ƙara ba.

Abu Rashid ciwon gwiwa gare shi, in ya zo gona bai cika saukowa daga mota ba. Ya zo, aka tsaya da shi a bakin tafki, ya sauke gilashi. Ɗalhatu ya nuna masa sababbin kifin suna bin ƙananan karfasa a guje. Dattijon ya ji daɗi, ya ce, "Zain, zain, ya Talha." Wato madalla. Haka yake kiransa, Talha. Sannan ya ɗaga tafin hannu ya ce, "Bas."

Motar ba ta kai bakin gona ba Ɗalhatu ya kira mai kifi. A ƙaro.

Da dattijon ya sake zuwa, ya tarar da motar tanki tana juye wasu. Ya zaro ido, ya fito da hannu ta taga yana kaɗawa. "Talha! Bas! Bas!"

Ɗalhatu ya dafa ƙirji ya rusuna. "Mafi mushkila, Baba. Bas, bas."

Ya kira mai kifi ya ce wannan karon ninki biyu, tunda sau biyu aka faɗa.

Juma'ar da ta biyo ya zo mana da sabuwar hula da tabarau baƙi, yana nuna mana bidiyon da ya tura wa 'yan ɗakinsu. Ga shi tsaye nesa da ruwa, yana nuni da sanda yana cewa, "Jama'a, ku gai da mudir." Ya ce 'yan Bin Omran har sun fara roƙonsa ya samo musu aiki a ƙarƙashinsa.

"Tsohon nan ya haukace a kan bas," in ji shi. "Ko gaisuwa ba ya tsayawa mu yi. Yana ganina sai bas."

Lado ya tsame hannu daga kwano. "Tsaya. Yaya yake yi da hannunsa in zai faɗa?"

Ɗalhatu ya ɗaga tafin hannu.

"Innalillahi. Ɗalhatu, a Larabcin mutanen nan bas ai ya isa ke nan. In ina zuba wa mai gidanmu shayi, in ya ce bas sai in tsaya."

"Ya isa shi ne khalas."

"Duka biyun ne."

"Ka ji ka. Yare ɗaya, ya isa biyu? Don me? Kai da kake tsaye a bakin ƙofa kana ɗaga sanda mota ta wuce, a ina ka koyi Larabci?"

"A inda ka koyi naka."

"Na ce bas mota ce, aka ce a'a kifi ne, na yarda. Yanzu kuma kai ka zo ka ce shayi ne. Gobe wani zai ce min akuya ce. Hassada dai, Lado. Ka faɗa kawai kana son in ɗauke ka mataimaki."

Na ce, "Maigida, me zai hana ka buga wa yaron nan Rashid ka tambaye shi?"

"In tambayi yaro? Wanda ya ga na kawo mota? Kaka, so kike ya ɗauka ban san aikina ba?"

"To ka sani?"

"Ci tuwonki, tsohuwa."

Daga nan Abu Rashid ya tafi sahara zaman sanyi da 'yan uwansa, kamar yadda suke yi. Can wani daga cikin ma'aikatan gona ya tsegunta masa cewa motar tanki ba ta daina zuwa ba. Ya bugo waya yana ihu, har Lado da ke gefe yana ji. Cikin duk abin da ya faɗa, kalma ɗaya Ɗalhatu ya tsinta, ita kuma ta fito sau uku a jere. Ya kashe waya ya dubi Lado ya ce, "Ka ji da kunnenka? Har faɗa yake wai ban sa da yawa ba."

Ba a jima ba aka daina ganin karfasa a saman ruwa. Da in an watsa abinci sai ruwan ya yi ta tafasa da su, yanzu shiru. Saudatu ta tambaye shi, ya ce alama ce mai kyau.

"Sun yi nauyi ne sun sauka ƙasa. Kin taɓa ganin babban mutum yana yawo a titi? Yara ne ke yawo."

Su kuwa bas da suka gama da karfasa sai yunwa ta kama su. Ya watsa musu abincin karfasa, suka ƙi. Ya bi ɗakunan ma'aikata ya tattaro ragowar shinkafa da burodi ya zuba, ruwan ya koma kore yana wani irin wari. Madam tana da agwagwa a gonar da 'ya'yanta suna bin ta a jere, abin sha'awa. Aka wayi gari layin ya gajarce. Aka sake wayar gari ya ƙara gajarcewa. Daga ƙarshe uwar ta ƙi shiga ruwan sam, ta koma kwanciya a ƙarƙashin tarakta. Ɗalhatu ya ce shaho ne.

Na ce, "Shahon da ke fitowa ta ƙarƙashin ruwa?"

"Ƙasar Larabawa ce, Kaka. Komai nasu daban ne."

Ana jibi taro ya sa ma'aikata suka ja raga daga wannan gefe zuwa wancan, don ya zaɓi manyan da za a nuna. Ko karfasa ɗaya ba ta fito ba. Bas ne kawai, kai kamar tukunya, jiki kamar tsinken tsire, suna hangame baki.

Da la'asar sai ga shi a gidan Saudatu da manyan ledoji biyu, ba hula, ba tabarau. Ya ce a ajiye masa a firiza zuwa gobe. Na leƙa, karfasa ce manya-manya daga kasuwar Asian Town, an fafe cikinsu, sun daskare kamar itace.

"Wannan fa?"

"Samfuri ne. Gwadawa zan yi da nawa in ga wa ya fi."

Ya yi ta kewaye-kewaye a falo, ya ɗauki jaririya ya ajiye, sannan ya matso kusa da ni. "Amaryata, ba ki da allura da zare? Wandona ne ya ɗan yage."

"Kawo in ɗinke maka."

"A'a, a wurin da ya yage ba na mata ba ne."

Na ba shi allura da jan zaren da nake yi wa jaririya hula da shi, shi ke gare ni. Ban kawo komai a raina ba. Daga baya Lado ya gaya min abin da aka yi da shi. Da suka jefa ɗaya a ruwa don gwaji, sai ta taso ta kwanta rigingine. Shi ne Ɗalhatu ya ɗebo tsakuwa ya cusa wa kowace a ciki, ya zauna ya ɗinke su tsaf, ya zuba su a ƙarƙashin wani dakalin katako da ya shiga cikin tafkin. Dabarar ita ce in baƙi sun taru, ya sa koma ya kwaso su a gabansu, ya ruga da su wurin mai suya kafin kowa ya duba.

Ranar taro da mu aka je, don tun kafin abubuwa su lalace ya roƙi madam ta gayyace mu, wai in zo in ga naɗinsa. Muttaka da Lado da wasu 'yan Bin Omran ma sun zo, suka tsaya daga bayan dabino. An shimfiɗa dardumai a bakin ruwa, dattawa cikin fararen riguna sun zazzauna ana zuba musu gahawa. Mu mata muna wata rumfa a gefe da madam, amma ana hango komai. Rashid ma ya dawo hutu a daren jiya, bai ko leƙa tafkin ba tukuna. Saudatu ta ɗan iya Larabcinsu, ita take raɗa min abin da ake cewa.

Baƙi suka jefa ƙugiya. Kafin ta taɓa ruwa an cafke. Kowa ya ja sai bas, ramamme, ido a waje. Wani dattijo ya ɗaga nasa yana juyawa, ya ce wani abu aka fashe da dariya. Saudatu ta ce, "Wai tambaya yake ko azumi kifin yake yi."

Abu Rashid bai yi dariya ba. Ya kira Talha, ya tambayi ina karfasarsa.

Sai ga jikana ya fito daga bayan ɗakin injin. Babbar riga ya sa, ya naɗe hannuwanta a kafaɗa, ya ɗaura wani jan ƙyalle a kai, da koma mai dogon sanda a hannu. Ya sa Rashid ya fassara wa jama'a cewa manyan karfasa ba sa cin ƙugiyar baƙo, sai ɗan gado ya kira su. Ya hau dakalin katako yana taka shi a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ya tsaya ya ɗaga hannu ya fara kirari.

"Na Malam, jikan mai ruwa! Ko kada ya gan ka sai ya ba da hanya! Dorina ta gan ka ta yi sallama!"

Daga bayan dabino na ji Muttaka ya ce, "Mota ta gan ka ta nutse."

Ya zura koma ya lalubo ya ɗago. Kan karfasa ne kawai da ƙashin baya, bas sun riga shi. Ya yi wuf ya mayar. Ya sake zurawa, wutsiya. Gumi ya fara keto masa. A karo na gaba Allah ya taimake shi, ko in ce ya tona shi, ya ɗago guda cikakkiya, ƙatuwa, ta cika koma. Dattawa suka ce masha Allah. Ya juya zai ruga wurin mai suya, sai Abu Rashid ya miƙo hannu, fuskarsa ta washe, ya ce a kawo masa ya gani.

Ba yadda zai yi. Ya kai.

Dattijon ya karɓa, hannunsa ya yi ƙasa don nauyi. Ya jinjina ta yana murmushi, yana nuna wa abokansa. Sai ya lura ba ta motsi. Ya juya cikinta. Tun daga rumfarmu na hango jan zarena, an yi masa ɗinki ƙanana a jere, gwanin kyau.

Na ce, "Saudatu, ga gadon Malam na gaskiya can ya fito."

Wani baƙo ya sa farce ya ja bakin zaren. Tsakuwa ta zubo, wata a kan darduma, wata cikin kofin gahawar na kusa da shi. 

Ɗalhatu ya ce, "Rashid, gaya musu wannan irin haka take. Tsakuwa take ci don ƙarfin ƙashi."

Rashid ya ce, "Ɗinkin fa?"

"Bari in kawo wata."

Ya koma kan dakali da sauri, ya manta da taka-tsantsan. Ya zura koma can ƙasa, ya ci sa'a ko rashinta ya kamo wata, sai wani ƙaton bas da ya cinye 'yan uwansa ya yi ƙiba ya biyo ta ya fizga. Ɗalhatu ya riƙe sanda gam. Babbar riga ta buɗe kamar lema, sai ji muka yi tsulum.

"Kaka! Kaka! Wayyo Kaka, na mutu! Suna cina!"

Ban san lokacin da na miƙe ba, da ciwon bayana da komai, na yar da mayafi na nufi bakin ruwa. Raina ya tashi ƙwarai, ba wasa. Ina isa na ga abin da ake ciki.

Na ce, "Miƙe tsaye, ja'iri."

"Ba zan iya ba, nutsewa nake!"

"Na ce miƙe!"

Ya miƙe. Ruwan iya cibiyarsa. Jan ƙyallen ya rufe masa ido ɗaya, gansakuka a gemu, wani ɗan bas ya kama igiyar wandonsa yana lilo. Dattawan nan da ƙyar suke tashi, sai ga su suna bubbuga darduma. Madam ta cusa mayafi a baki. 'Yan Bin Omran kuwa kowa ya ɗaga waya.

Lado da Muttaka suka jawo shi. Yana tsaye yana ɗiga, sai muka ji ƙarar mota tana ja da baya tana ƙiiƙii. Motar tanki ce. Mai kifi ya sauko da fara'arsa, ya gai da jama'a, ya fara warware tiyo zai juye sabon kaya. Ashe da Abu Rashid ya bugo jiya yana jaddada masa maganarsa, Ɗalhatu ya sake yin oda.

Dattijon nan mai ciwon gwiwa ya miƙe zumbur ba sanda, ya ɗaga hannu biyu sama ya kwarma ihu, "Baaas!"

Ɗalhatu, haƙoransa na kaɗawa, ya juya wurin Rashid. "Ka gani ko? Ga shi an kawo, amma har yanzu bai ƙoshi ba."

Rashid ya dube shi, ya dubi ubansa, ya dubi tanki. Sai ya dafe kai. Ya tambayi uban, uban ya zazzage masa duk abin da ya faru tun tafiyarsa, yana nuna yadda ya yi ta ɗaga hannu. Da Rashid ya bayyana wa jama'a cewa duk lokacin da baba ya ce ya isa, Talha ƙarowa yake, wani dattijo sai da aka ba shi ruwa. Lado kuwa ya je ya tsaya inda Ɗalhatu zai gan shi, ya ɗaga tafin hannu.

Abu Rashid mutumin kirki ne, wannan zan faɗa. Ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, ya zauna, ya dubi tsakuwar da ke cikin kofi, sai shi ma dariya ta ƙwace masa. Ya sallami mai tanki da kayansa. Ya ce a gasa ramammun bas ɗin haka nan, a kwashe sauran daga tafkin, a sake zuba karfasa daga farko, Rashid ya nemo wanda zai kula. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin mota, ya ɗora a jiƙaƙƙen tafin Ɗalhatu ya naɗe masa yatsu a kai.

"Yalla, Talha. Madam."

Madam da kanta ta shimfiɗa masa leda a kujera kada ya jiƙa mata mota.

Washegari da hantsi ya zo gidan Saudatu da mura, hanci ya toshe, murya kamar ta kwaɗo. Bai ce amaryata ba, bai ce tsohuwa ba, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Na dama masa kunun kanwa na jegon Saudatu, na shafa masa man zafi a ƙirji da wuya kamar yadda nake masa yana ƙarami. Ya shanye ya ajiye kofi. Tausayinsa ya kama ni, don na san ɗakin nan mai esi ya riga ya shiga ya kwanta a cikinsa a zuci.

Na ce, "Tuƙi ba abin kunya ba ne, maigida. Ka iya shi, ba ka taɓa buge ko akuya ba."

Ya ja hanci. "Amma dai kin ga yadda na yi iyo kafin su zo."

"Na gani. Har yanzu ruwan yana mamaki."

Ya ɗan yi murmushi, sannan ya kama hannuna da hannu biyu. "Kaka, don girman Allah. 'Yan Bin Omran sun gani, wannan ya wuce. Amma in kin koma Gumel, kada ki faɗa wa kowa. Ki yi min alkawari."

Na dubi idonsa da ya yi ja, na ce, "Na yi maka alkawari. Bakina ba zai faɗa wa kowa ba."

Kuma na cika. Tun da na dawo, ko maƙwabciyata da ta matsa min ban buɗe baki na gaya mata ba. Bai dai ce kada in rubuta ba.